Ta yaya Dundalk ta ɗauki kofin Ireland a 2014, shekara biyu bayan ta kusa rushewa?

Wani ɗan'uwa mai bibiyar ƙwallon Turai ya yi tambaya. Ya ce ya ji labarin wata ƙungiya a Ireland mai suna Dundalk, wadda a 2012 ita ce ta ƙarshe a teburi, bashi ya yi mata katutu har ana maganar rufe ta, amma a 2014 ta ɗauki kofin gasar ƙasar. Yana so ya san ko wani attajiri ne ya zuba mata kuɗi, ko aikin koci ne, ko kuwa gasar ce ba ta da ƙarfi har kowa zai iya cin ta.

Malam, ba kuɗi ba ne. Kuɗin da aka sa a lokacin sun tsaya ne a kan biyan bashi da tabbatar da cewa albashi zai fita a kan kari. Kuma gasar, duk da ƙaramcinta, ba ta banza ba ce, domin a shekarar ma sai a daren ƙarshe aka san zakara. Abin da ya ba Dundalk kofin shi ne koci ɗaya da ya san 'yan wasan da sauran ƙungiyoyi suka yi watsi da su, ya horar da su fiye da yadda aka saba a gasar, ya gina ƙungiyar da ba ta jin tsoron babban wasa. Idan ka bi lissafin makin kakar za ka ga cewa wasanni uku kacal ne suka raba gardama, kuma zan zo kansu.

Sai ka fara sanin filin da ake wasan. A tsibirin Ireland gasa biyu ce. Ireland ta Arewa, wadda ke cikin Birtaniya, tana da tata, su Linfield da Glentoran. Jamhuriyar Ireland kuma tana da League of Ireland, wadda aka fara a 1921, kuma a nan Dundalk take. Akwai ƙungiya ɗaya da ta tsallake iyaka, wato Derry City, wadda garinta yana Arewa amma tun 1985 take wasa a gasar Jamhuriya. Tun daga 2003 gasar ta koma ta bazara, a lokacin da muke magana a kai ana farawa a watan Maris a gama a Oktoba, saɓanin Ingila. A 2014 ƙungiyoyi 12 ne a rukunin farko, kowace tana haɗuwa da kowace sau uku, wato wasa 33 ke nan. Ka riƙe wannan maganar ta sau uku, za ta yi mana amfani.

Gasar talaka ce, babu wani ɓoye-ɓoye. A ƙasar, wasannin gargajiya biyu, ƙwallon Gaelic da hurling, su ne ke cika manyan filaye, ga rugby a gefe. Masu son ƙwallon ƙafa kuwa yawancinsu zuciyarsu tana Liverpool ko Manchester United ko Celtic, kamar dai yadda gidan kallo ke cika a Kano ranar wasan Arsenal alhali wasan gida yana gudana a bayan katanga. A wancan lokaci akasarin 'yan wasan gasar kwantiragin kusan mako 40 suke sa wa hannu. In kaka ta ƙare albashi ya tsaya, kowa ya nemi abin yi har a dawo. Wanda ya yi fice kuma ba ya daɗewa, wata ƙungiyar Ingila ko Scotland za ta ɗauke shi da kuɗi kaɗan, wani lokacin ma kyauta. A irin wannan gasa ba a sayen kofi da sayen taurari, domin taurarin ba sa zama. Wanda ya iya tsinto ɗan wasa kafin kowa ya gane darajarsa, shi ne mai riba.

Ita Dundalk gari ne a gundumar Louth, kusa da iyakar Arewa, kusan a tsakiyar hanya tsakanin Dublin da Belfast, mutanensa wajen 40,000. Ƙungiyar ta samo asali daga ma'aikatan jirgin ƙasa a 1903, ta shiga gasar ƙasa a 1926. Farar riga suke sawa, ana musu kirari da Lilywhites, filinsu kuma Oriel Park. Kada ka ɗauke ta ƙaramar ƙungiyar da sa'a ta faɗo wa. Kafin 2014 ta riga ta ɗauki kofin gasar sau tara, na ƙarshe a 1995 ƙarƙashin Dermot Keely. Daga nan ne abubuwa suka lalace. Ta faɗa rukuni na biyu a 1999, ta dawo, ta sake faɗawa a 2002, a shekarar da kuma ta ci kofin ƙalubale na FAI, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, abin mamaki. Ta zauna a ƙasa har sai da ta ci rukuni na biyun a 2008. Saboda haka babban gida ne da ya tsufa, mutanen garin sun san ɗanɗanon kofi, sun dai daɗe ba su gan shi ba.

Shekarar 2012 ita ce mafi muni. Mai ƙungiyar na lokacin, Gerry Matthews, ya bayyana cewa zai janye hannunsa. Magoya baya suka kafa gangamin ceto ƙungiyar, suna tara kuɗi don a iya kammala kakar. A fili kuma ba a cin wasa. Dundalk ta ƙare a ƙarshen teburi, kuma a ƙa'ida da ta faɗi kai tsaye. Abin da ya cece ta shi ne Monaghan United ta janye daga gasar ana tsakiyar kaka, ita ma saboda rashin kuɗi, sai ya zama ta ƙarshe a cikin 11 da suka rage za ta buga wasan cike gurbi da wata daga rukuni na biyu. Aka haɗa ta da Waterford United. Suka yi 2-2 a Oriel Park, Dundalk ta je Waterford ta ci 2 da nema. Wannan shi ne wuri na farko da sa'a ta shigo labarin, kuma ba zan ɓoye maka shi ba: da Monaghan ta daure ta gama kakar, da wataƙila ba mu zauna muna wannan magana ba.

A daidai wannan lokaci wasu 'yan kasuwa biyu na garin, Andy Connolly da Paul Brown, masu kamfanin Fastfix, suka karɓi ƙungiyar. Ba attajiran mai ba ne, mutanen gari ne masu rufin asiri da ke son ƙungiyar garinsu. Abu mafi muhimmanci da suka yi shi ne shawo kan Stephen Kenny ya karɓi aikin koci a watan Nuwamban 2012.

Kenny a lokacin mutum ne da sunansa ya ɗan dusashe. Ya fara aikin koci yana saurayi a Longford Town, ya ci gasar da Bohemians a kakar 2002 zuwa 2003, ya yi suna a Derry City, ya je Scotland ya kai Dunfermline wasan ƙarshe na kofin ƙasar a 2007 duk da cewa ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a kakar. A ƙarshen 2011 ya samu aikin da kowa ke ganin ya fi kowane girma a gasar, wato Shamrock Rovers, wadda ta ci kofi biyu a jere kafin zuwansa. Bai gama kaka ɗaya ba aka sallame shi a watan Satumba. To ka ga kocin da aka kora ya haɗu da ƙungiyar da ta kusa mutuwa, kowa a cikinsu yana da abin da yake son wankewa.

Nan ne zan daɗe, domin nan ne amsar take. Kenny ya tarar da ƙungiyar da kusan babu ɗan wasa mai kwantiragi. Daga tawagar 2012 'yan kaɗan ya riƙe, fitattu a cikinsu gola Peter Cherrie, da Chris Shields, da John Mountney. Sauran sai da ya fita nema, kuma ka dubi inda ya samo su.

Richie Towell yaron Dublin ne da ya yi ƙuruciyarsa a Celtic, aka ba da shi aro ga Hibernian, daga baya aka sallame shi. Ya dawo gida yana buga wa Bluebell United, ƙungiyar da ba ta ma cikin gasar ƙasa. Patrick Hoban yana Mervue United a rukuni na biyu, a yankin Galway. Dane Massey daga Bray Wanderers ya zo, Andy Boyle daga Shelbourne, ƙungiyoyin da ba su kusa da saman teburi. Brian Gartland ya shigo a tsakiyar kakar 2013 bayan ya bar Portadown ta Arewa, mutumin da a lokacin rabin hankalinsa yana kan koyar da yara ƙwallon kwando. Stephen O'Donnell shi ne mai tarihi a cikinsu: ya taso a makarantar Arsenal, ya ci gasar da Bohemians da Shamrock Rovers, kuma shi ne ya buga fanaretin da ya fitar da Partizan Belgrade a 2011, wanda ya sa Rovers ta zama ƙungiyar Ireland ta farko da ta shiga matakin rukuni a gasar Turai. Amma rauni ya dame shi, Rovers ta rabu da shi. Kenny ya ɗauke shi ya ba shi kyaftin.

Duk wanda ya san gasar zai gaya maka cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan da sauran ƙungiyoyi ba za su iya ɗauka ba. Ba a ɓoye suke ba. Bambancin shi ne Kenny ya yi fiye da shekara goma yana yawo a filayen ƙasar, ya san wanda hazaƙarsa ta fi ƙungiyarsa, ya san wanda aka sa a gurbin da ba nasa ba. Kuma yawancinsu shekarunsu ashirin da 'yan kai ne, wato lokacin da ɗan wasa ke da ƙarfi, kuma yana jin haushin cewa an raina shi. Ni a ganina wannan zaɓe shi ne kashi mafi girma na aikin, ya fi duk wata dabarar da aka tsara a allo.

Sai horo. Kenny ya kawo Graham Byrne a matsayin mai kula da ƙarfin jiki, ga mataimakinsa Vinny Perth. A takarda Dundalk ba cikakkiyar ƙungiyar ƙwararru ba ce, da yamma suke atisaye domin wasu suna da aiki ko karatu da rana, David McMillan ma fannin zanen gine-gine ya karanta. Amma yawan atisayen, da shiga ɗakin motsa jiki, da kula da abinci, sun kai na waɗanda ba su da wata sana'a sai ƙwallo. Towell shi ne aka fi buga misali da shi a wannan fanni. Amfanin abin yana fitowa a minti 20 na ƙarshen wasa, lokacin da abokan hamayya suka fara jan ƙafa su kuwa suna nan da gudunsu.

Salon wasan kuma ya saɓa wa abin da aka saba gani a gasar. Maimakon a doka ƙwallo sama a bi ta da gudu, Dundalk tana ajiye ta a ƙasa, tana fitowa da ita daga baya. 'Yan baya huɗu, biyu a gabansu suna tare tsakiya, uku a bayan ɗan gaba ɗaya. 'Yan bayan gefe suna hawa har kusa da ragar abokan hamayya. Hoban yana riƙe ƙwallo da ƙarfin jiki yana jiran su iso, Towell kuma yana kutsowa daga tsakiya a makare, inda babu mai tsaronsa. A kakar 2013, wadda mutane da yawa suka zaci fafutukar kauce wa faɗuwa za a yi, Dundalk ta zo ta biyu, maki uku kacal a bayan St Patrick's Athletic. Saboda haka kofin 2014 bai faɗo daga sama ba, shekara guda kafin nan an riga an ga alama.

Kafin kakar 2014 Kenny bai rushe komai ba, ƙari ya yi a inda ake da giɓi. Ya kawo Seán Gannon a bayan dama, McMillan a matsayin ɗan gaba na biyu, Ruaidhrí Higgins mai gogewa a tsakiya, sannan Daryl Horgan, ɗan gefe mai sauri da yanka, wanda ya ɗauko daga Cork City. Wannan na ƙarshen ya yi wa Cork ciwo biyu: ta rasa shi, kuma wadda za ta zama babbar kishiyarta ce ta samu.

Kakar ta fara da mari. A wasan farko a watan Maris maƙwabtansu Drogheda United, abokan gabarsu na gundumar Louth, suka lallasa su 4-1. Ka lura da wannan adadi, domin a duk kakar ƙwallo 24 kawai aka zura wa Dundalk a gasar, huɗu daga ciki a daren farko. Bayan wannan daren sau biyu kawai aka sake doke su a wasa 32. A watan Afrilu kuma kyaftin O'Donnell ya ji mummunan rauni a gwiwa a wasa da Shamrock Rovers, raunin da aka ji tsoron zai iya kawo ƙarshen ƙwallonsa baki ɗaya. Aka yi masa tiyata, ƙungiyar ta buga kusan duk kakar ba shi. Shields da Higgins suka riƙe tsakiyar.

Kishiyar da ta taso ba ita aka zata ba. An sa ran St Patrick's mai riƙe da kofi, ko Sligo Rovers, ko Shamrock Rovers. Sai ga Cork City ta kudancin ƙasar. Ita ma tana da nata labarin tashi daga faɗuwa: kamfanin da ke riƙe da ita ya rushe a farkon 2010, magoya bayanta ƙarƙashin ƙungiyarsu ta FORAS suka karɓe ta suka fara daga rukuni na biyu, suka dawo sama bayan sun ci rukunin a 2011. A 2014 tsohon ɗan wasanta John Caulfield ne koci, kakarsa ta farko ke nan. Cork ɗinsa ba ta da ƙawa irin ta Dundalk. Tsaro mai tauri, ƙarfin jiki, bugun kwana da bugun tazara, cin 1 da nema, ga taron magoya baya a filinsu na Turner's Cross da ya fi na kowa yawa a gasar. Wasu suna raina wannan salo, ni ban raina shi ba, domin lissafi yana bayansa.

Ga lissafin. A ƙarshen kaka Dundalk tana da maki 74: ta ci wasa 22, canjaras 8, an doke ta sau 3. Cork tana da 72: ita ma ta ci 22, canjaras 6, an doke ta sau 5. Uku daga cikin biyar ɗin nan Dundalk ce ta doke ta: 4 da nema a Oriel Park a watan Mayu, 2-1 a gidan Cork a farkon Agusta, sai 2 da nema a ranar ƙarshe. Yanzu cire waɗannan wasanni uku. A wasa 30 da sauran ƙungiyoyi goma, Cork ta tara maki 72, Dundalk ta tara 65. Wato a kan sauran gasar Cork ta fi Dundalk da maki bakwai. Duk da cewa Dundalk ta zura ƙwallo 73, fiye da na Cork da sama da 20, Cork ta fi ta iya tatsar maki daga wasannin yau da kullum. Dundalk tana iya zura wa ƙungiya biyar ko shida a wannan mako, mako mai zuwa wata ta toshe mata hanya a tashi canjaras. Abin da ya ba ta kofi shi ne duk lokacin da ta tsaya gaba da gaba da Cork, ita ce ta fi. Da ko ɗaya daga cikin ukun nan ya ƙare canjaras, Dundalk za ta rasa maki biyu Cork ta ƙaru da ɗaya, kofi ya tafi kudu.

A nan tsarin haɗuwa sau uku ya shigo. Tunda uku ba ta rabuwa biyu, dole wata ta karɓi baƙuncin wata sau biyu. A 2014 Dundalk ce ta samu Cork sau biyu a gida, har da wasan ƙarshe. Jadawali ne da aka fitar tun kafin a fara kaka, ba wanda ya san zai zama haka, amma sa'a ce, ta biyu a labarin. Sannan filin Oriel Park na roba ne tun 2005, kuma baƙi sun daɗe suna ƙorafi a kansa, suna cewa ƙwallo ba ta tafiya a kai yadda take yi a ciyawa. Gaskiya ne ya taimaka musu, tunda a kansa suke atisaye. Sai dai duk wanda zai jingina kofin ga filin roba, sai ya bayyana mana yadda aka yi suka je Turner's Cross, a kan ciyawa, a gaban taron Cork, suka ci.

A tsakiyar kakar akwai wasu abubuwa da suka ƙara musu ƙarfin zuciya. A watan Mayu sun kai wasan ƙarshe na kofin Setanta, wanda ke haɗa ƙungiyoyin Arewa da na Jamhuriya, Sligo Rovers ta doke su 1 da nema. A watan Yuli sun shiga share fagen gasar Europa, suka fitar da Jeunesse Esch ta Luxembourg, suka haɗu da Hajduk Split ta Kuroshiya. Hajduk ta ci 2 da nema a Oriel Park, kowa ya ɗauka an gama. Dundalk ta je Split ta ci 2-1, ta fita da jimillar 3-2, saura ƙwallo ɗaya ta wuce. An fitar da su, amma yaran da shekara biyu baya wasunsu ke rukuni na biyu sun ga cewa salon nasu yana aiki har a kan ƙungiyar da ta fi su komai. A watan Satumba kuma suka ci ƙaramin kofin gasar, suka doke Shamrock Rovers 3-2 a Oriel Park, Massey ɗan baya ya zura biyu. Shi ne kofin farko na zamanin Kenny.

Daga nan sai ƙafa ta fara rawa. Dundalk ta daɗe a saman teburi, amma a makonnin ƙarshe ta riƙa zubar da maki, Cork kuwa tana ta ci ba tsayawa. A wasa na biyun ƙarshe Dundalk ta je Bray, ƙungiyar da ke fafutukar tsira a ƙasan teburi, aka tashi 1-1. Cork ta ci nata wasan ta hau sama da maki ɗaya, 72 da 71. Ma'anar wannan ita ce a ranar 24 ga Oktoba, 2014, Cork canjaras kawai take buƙata a Oriel Park ta ɗauki kofinta na farko tun 2005. Dundalk kuwa dole ta ci.

Tsofaffin magoya bayan ƙungiyoyin biyu sun taɓa ganin irin wannan rana. A 1991 ma su biyun ne suka haɗu a wasan ƙarshe da kofi a tsakani, a Turner's Cross, Tom McNulty ya ci wa Dundalk ƙwallo ɗaya tilo, kuma Caulfield yana cikin 'yan wasan Cork na wancan zamani.

Kenny ya yanke shawarar da ta fi kowace nauyi a kakar: ya sa O'Donnell a cikin 'yan wasan farko, mutumin da ya yi wata shida yana jinyar gwiwa, bai daɗe da dawowa ba. Idan gwiwar ta ba da matsala, ko ya gaji a wasan da ake gudu kamar ba gobe, laifin duk a kan koci zai faɗa. Sama da mutum 5,000 suka cika filin. Aka tafi hutun rabin lokaci ba ci, wato kofi yana hannun Cork. Minti uku da dawowa O'Donnell ya buga ƙwallo ta ƙasa daga bakin da'irar gola ta shiga raga. Daga nan lissafi ya juya, Cork da ta zo da shirin tsarewa ita ce ta koma neman ƙwallo, kuma wannan ba shi ne abin da aka gina ta a kai ba. Saura kimanin minti takwas a tashi Gartland, ɗan bayan tsakiya, ya ƙara ta biyu. Kofi na goma a tarihin ƙungiyar, na farko cikin shekara 19. Hoban ya gama kakar da ƙwallo 20 a gasar, daidai da Christy Fagan na St Patrick's.

Game da ɓangaren tambayarka na uku, ko rashin ƙarfin gasar ne ya jawo, abin da ya biyo baya ya isa amsa. Hoban ya tafi Oxford United bayan kakar, amma ƙungiyar ba ta girgiza ba. A 2015 ta ɗauki gasar da kofin FAI tare, Towell ya zura 25 a gasar daga tsakiya, ya tafi Brighton. A 2016 ta ci gasar karo na uku a jere, ta doke BATE Borisov 3 da nema a share fagen gasar zakarun Turai, Legia Warsaw ta tsayar da ita a matakin ƙarshe kafin rukuni, ta koma rukunin Europa inda ta yi 1-1 da AZ Alkmaar a Holan ta kuma doke Maccabi Tel Aviv 1 da nema, nasarar farko da wata ƙungiyar Ireland ta samu a matakin rukuni. Mafi yawan 'yan wasan da suka yi wannan su ne dai na 2014: Gannon, Gartland, Boyle, Massey, Shields, O'Donnell, Mountney, Horgan, McMillan. Cork ta zo ta biyu sau uku a jere kafin ta samu nata a 2017. Horgan da Boyle suka tafi Preston, aka kira su tawagar ƙasa, shi kuma Kenny ya zama kocin 'yan ƙasa da shekara 21 a ƙarshen 2018, sannan kocin babbar tawagar Ireland a 2020.

Manyan kuɗi sun zo Dundalk, amma daga baya, kuma ƙwallon ce ta kawo su. Tafiyar Turai ta 2016 ta samar wa ƙungiyar miliyoyin yuro, abin da kyautar cin gasar gida ba ta kai ko kusa da shi ba. Wannan ne ya jawo hankalin masu zuba jari daga Amurka, ƙarƙashin kamfanin Peak6, suka sayi ƙungiyar a farkon 2018. An ci gasar a 2018 da 2019, an sake shiga rukunin Europa a 2020, amma tawagar da Kenny ya haɗa ta watse a hankali, aka riƙa sauya koci da masu ƙungiya, kuma a 2024 Dundalk ta ƙare a ƙarshen teburi ta faɗa rukuni na biyu, bashi ya sake taso mata.